Ƙwaryar Talatu

Laraba da dare, tsakiyar kaka.

Yau Talatu maƙwabciyata ta fafe dumanta. Tun hantsi nake jiyo shewar mata ta kan katanga, ina zaune ina ɗinkin faifai, har allura ta soke ni sau biyu.

Ni fa na ba ta irin nan. Farkon damina na ƙulla iri kashi biyu a tsumma, mai kyau nawa, ragowar na kyauta. Ashe garin sauri ƙullina na miƙa mata. Nata ya haye rufin ɗaki ya zuba 'ya'ya kamar tuluna, nawa ko ƙoƙon kirki bai ba ni ba.

Da la'asar sai ga ta da babbar ƙwarya a ka, wai ta fari ta mai iri ce. "Yaya Binta, wa ke kyautar iri mai kyau haka in ba ke ba?" Na ce Allah ya ƙara albarka. Bakina ne kawai ya faɗa.

Har magen da na raina da nonon akuya ta tare a gidansu tun da suka cika rumbu. Yau ta rako Talatu, ta shinshina ni kamar baƙuwa, ta bi ta suka koma.

Na kife ƙwaryar a bayan ƙofa. Astagfirullah. Har yanzu ba rowar da na yi niyya ke damuna ba, kuskuren ƙullin nan ne.