Gamsheƙar da Na Binne a Bayan Rijiya

Ranar Alhamis

Zuwa ga mahaifina,

Baba, na taɓa ƙafafunka daga nesa don gaisuwar girmamawa. Ina fata ciwon gwiwar nan ya sassauta, kuma damina ba ta sake yaye maka rufi ba. Ka gaishe da Yaya Vanaja da yaranta.

Wasiƙar nan kada ka ba kowa ya karanta maka. Ka sa tabarau ka daure.

Kai ka koya mini tun ina ƙarama cewa Ubangiji Narayana ba can sama yake yana leƙenmu ba, yana cikin kowace halitta kamar mai a cikin madara, cikin saniya, cikin tururuwa, cikina. Maganar nan ce ke kwantar mini da hankali a da. Yanzu ita ce ta hana ni sakat.

Shekaranjiya da rana ina ɗakin girki ni kaɗai, na janye buhun shinkafa, sai ga gamsheƙa ta fasa kai, tsakaninta da ni bai kai kamu biyu ba. Ga ni da cikin wata takwas, Baba, ina zan gudu? Taɓarya na kusa. Ban san sau nawa na buga ba.

Ka san gidan mijina. Kurmin macizan da suke bauta wa na bayan gidan, surukata Girijamma da kanta take kai musu madara. A wurinsu, duk wanda ya kashe gamsheƙa zuriyarsa ce ke biya, sai an ƙona gawar kamar ta mutum an yi mata zaman makoki. Na kasa faɗa wa kowa. Na naɗe ta a tsohon zanena, na binne a bayan rijiya, na jibga ɓawon kwakwa a kai.

Ba wanda ya gan ni. To amma wa nake ɓoye wa? Wanda ke cikin gamsheƙar sa'ad da na buga, shi ne ke zaune a ƙirjina, ya ga komai daga ciki.

Tun jiya yaron cikina bai motsa ba. Shi da ke naushina har mijina Sadananda ke tsokanata wai ɗan kokawa zan haifa masa. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu, shiru. Tsoro nake ji, Baba. Ka gaya mini gaskiya, idan Ubangiji ya yi fushi, yakan tashi daga inda ya zauna?

'Yarka mai neman albarkarka,
Jalaja

Ranar Asabar

Baba,

Na sake taɓa ƙafafunka, ina fata ka tashi lafiya. Daga gadon asibiti nake rubutu, maƙwabcinmu zai kawo maka hannu da hannu, wataƙila ma ta riga ta farko isowa.

Na kashe gamsheƙa ranar Talata na binne a ɓoye, kuma yaron cikina ya daina motsi. Yau da safe kare ya tone wurin. Surukata ta shigo riƙe da zanen, ita ta saya mini shi. Na durƙusa na faɗi komai, har shirun cikina, na sunkuya ina jiran tsinuwa.

Ta ce, "Kwana nawa bai motsa ba?" Na ce yau huɗu. Ta ɗora hannu a ka. "Ke wace irin sokuwa ce? Maciji zai jira, ai ya riga ya mutu! Ubanki ya koya miki Ubangiji na cikin maciji, bai koya miki yana cikin jikana ba? Sadananda! Nemo mota, ka tsaya kana kallona kamar turmi!"

Kada ka ɗauka ita ba ta tsorata ba. Ta bar ƙanen mijina yana haɗa itace da man shanu na ƙona gawar, a mota kuma hannunta bai bar kan cikina ba.

Likita ta daɗe tana nema da na'urarta. Daga baya muka ji bugun zuciyarsa, can ƙasa-ƙasa. Ta ce ya galabaita, da na zo tun ranar farko da abin bai kai haka ba. Kwana huɗu ina tsoron gawa, mai rai yana jirana. Wannan ko an ƙona dukan itacen duniya ba zai wanke ni ba.

Ƙarfe huɗu za su yi mini aiki su ciro shi. Na tambaye ta ko zai rayu, ta ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu, ba ta dube ni ba.

Kada ka tsaya rubuta amsa, ka hau motar farko. In ka iso ban farka ba, kada ka zauna a wurina. Ka je inda suka kwantar da shi, kada ya zama shi kaɗai.

'Yarka,
Jalaja