Abin da Ke Ƙarƙashin Banish ɗin Baba

Litinin, 3 ga Maris
Yaya ta kawo shago zanen iyalin gidanmu da Baba ya yi da fentin mai, shekara ashirin da suka wuce. Banish ɗin da ya shafa a sama, wato man kare fenti, ya tsufa, ya koma ruwan zuma, fuskoki duk sun dushe. Ta ce tunda ni na gaji sana'arsa, in wanke in sake sabo. Shekara tara ba mu yi magana da shi ba har ya rasu, ita kuwa sai ka ce ta manta.

Talata, 4 ga Maris
Banish mai sheƙi ko marar sheƙi? Mai sheƙi yana fito da launi, amma falon Yaya taga ko'ina, zai riƙa ƙyalli. Mai sayar da kayan fenti ya ce in gauraya biyun. Shi komai gauraya.

Alhamis, 6 ga Maris
Innalillahi.
Na jiƙa auduga ina goge tsohon banish a hankali. Mama ta fito fes, Yaya ma. Da na iso labulen da aka zana a gefen dama, sai audugar ta yi shuɗi. Na zaci na ɓata zanen. Na sake gogawa, sai ga kunne. Sai ga ido. Ni ne! Tsaye kusa da Mama, da rigar nan mai ratsi.
Ashe babu labule a zanen tun asali. Baba ne ya rufe ni da fenti.

Juma'a, 7 ga Maris
Ban buɗe shago ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na kira Yaya, ina ta faɗa. Ta ce ta sani. Ta sani! Wai ranar da na kwashe kayana na bar masa shago ya yi shi, tana tsaye. Na ce wane irin uba ne wannan? Sai ta ce, "Kai ne mai sana'a. A kan me ya shafa fentin?"
Na kashe waya.

Lahadi, 9 ga Maris
A kan banish ya shafa, bai kankare komai ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana zane ya san fentin da aka ɗora kan banish yana tafiya da wanki ɗaya. Da so ya yi in ɓace, wuƙa na nan a teburinsa.
Ko kuma ganda ce kawai ta hana shi. Ban sani ba. Wa zan tambaya?

Laraba, 12 ga Maris
Na cire sauran labulen. Ashe Baba ya ƙara mini faɗin kafaɗa a zanen, ni da nake kamar sillen kara a lokacin.
Na zaɓi banish mai ɗan sheƙi kaɗan, irin wanda ake iya wankewa. Shafi biyu, siriri, da faffaɗan buroshi. Ya kwanta lafiya, babu kumfa ko ɗaya. Da na gama na ja da baya, sai na ji bakina ya ce, "Baba, duba."
Ƙila warin banish ne ya hau mini kai.