Alamar Jan Farce a Jikin Kwalba

Anti, don Allah ki taimake ni, bakina ya ja mini.

Saniya ɗaya gare mu, man da nake kaɗawa daga nononta shi ne sana'ata. Gwaggona, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ke tatsa. Tun haihuwar saniyar ta fari na ɗiga jan farce a jikin wata doguwar kwalba, daidai inda kaurin maiƙo yake kaiwa idan madara ta kwana. Bara sai ya daina kaiwa. Abin ya yi ta cina a rai, har ranar da na ce, a gaban mijina da yara, Gwaggo ce ke kwashe maiƙon tana shafa wa gwiwoyinta.

Ta wanke bokitin tatsa ta kife, washegari ta koma wurin ɗanta. Na kama tatsa da kaina, maiƙon ya ƙara raguwa. Da likitan dabbobi ya zo, sai ya ce saniya mai haihuwa bakwai nake aunawa da ma'aunin karsana. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu Gwaggo ba ta ɗaukar wayata. Jikarta kawai take sawa ta tambaya ko saniyar tana cin abinci. Yaya zan yi?

Mai Nadama

Mai Nadama, idonki bai yi ƙarya ba, kuma mai sana'a dole ta damu. Maiƙon nono yakan ɗan ragu yayin da saniya ke manyanta, abinci ma yana taka rawa. Amma ki lura, nonon ƙarshen tatsa ya fi maiƙo, kuma sai mai haƙuri ke tatso shi. Shi ya sa abin ya ƙara lalacewa a hannunki. Ashe Gwaggon da kika zarga ita ke rufa miki asiri.

Ki ajiye waya, ki taka da ƙafarki. Ki tafi da mijinki da yaran, tunda a gabansu kika ɓata ta, a gabansu za ki wanke ta. Kada ki kawo zancen tatsa, ta ɗauka hannunta kike nema ba ita ba. In ta ƙi dawowa, haƙƙinta ne, ki ci gaba da zuwa. Wadda har yanzu take tambayar saniyarki ba ta cire ki daga ranta ba.

Ki goge jan farcen nan kafin ki fita. Allah ya sanyaya zuciyar Gwaggo, ya sa ta kira ki 'yata.