Amsar Hadiza a Gindin Dalbejiya

Laraba da dare, Dutsin-Ma

Na dawo daga firamaren Wurma a gajiye. Yau ma na karanta wa yara, ɗaya bayan ɗaya, labarin da nake amfani da shi a bincikena na jami'a kan yadda yara ke bambance daidai da kuskure: yaro ya tono gyaɗa a gonar maƙwabci saboda ƙanwarsa na kukan yunwa. Ya yi laifi? Kowa sai ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ya yi, Malama. Sata haramun ce." Mako uku ke nan amsa ɗaya nake rubutawa.

Ina jiran mashin a gindin dalbejiya sai na ji Hadiza, 'yar aji huɗu, tana musu da ƙawayenta. Wai da ita ce sai ta tono ta ba yarinyar, sannan ta je ta gaya wa mai gonar da bakinta.

Na kira ta. "Me ya hana ki faɗa mini haka ɗazu?"

Ta durƙusa. "Malama, ai ba a goyon bayan ɓarawo a gaban manya."

Litinin malamin da ke duba bincikena ke jiran sakamako. Takardun amsoshin na cikin jaka, a cike tsaf. Ashe duk ladabinsu nake ta aunawa.