Tambaya ɗaya ta sa Yaya ya daina ɗaga wayata

Hajiya Fadi, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni 'yar Waca ce, can wajen Magarya. Na haura arba'in lokacin da maigidana ya ɗauko ni zuwa Beljiyam, ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Alhamdu lillahi, ban yi nadama ba. Ina aikin guga a wani otal, da yamma ina zuwa lakwal, wato makarantar manya, har na iya shiga jirgin ƙasa ni kaɗai. Malamarmu ba ta yarda a ce mata “to” kawai. Duk labarin da ka kawo sai ta tambaye ka wa ya faɗa, shi kuma a ina ya gani. Da farko haushi take ba ni. Yanzu kuwa daɗin abin nake ji, kamar an buɗe mini taga a ɗaki.

To, kwanan baya Yaya Ukasha, babban wanmu da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, ya turo murya a zauren danginmu na waya, wai waken da aka adana a buhun leda ba ya tsirowa, kowa ya juye nasa. Ni da zuciya ɗaya na ce, “Yaya, wa ya gaya maka?” Wallahi so nake in sani. Tun ranar bai sake ɗaga wayata ba. Matarsa ta ce wai na ƙaryata shi a gaban ƙannensa da 'ya'yansa. Ina kewar muryarsa ƙwarai. Shin in koma “to” ɗina na da?

'Yar Waca a ƙasar sanyi

Amsa:

'Yar'uwa, barka da ƙoƙari. Mace ta fara karatu bayan arba'in a ƙasar da ba tata ba, wannan abin a yaba ne.

Sai dai kin yi tuntuɓe da harshenki na gado. A aji, waccan tambaya neman sani ce. A Hausa kuwa, ke ma kin sani, in aka ce wa mutum “wa ya gaya maka?” an ce masa ba haka ba ne, kuma da gatse. Abin da Yayanki ya ji ke nan, daga bakin ƙanwar da ya goya, a gaban yara. Yana da hujjar jin zafi. Ke ma kina da taki, don bai kamata dangi su juye wakensu kan jita-jita ba.

Kada ki koma “to”. Tambayar ki riƙe, lafazin ki sauya. Ki samu wata babba da yake jin nauyinta ta kai masa ban haƙurinki. In ya ɗaga waya, ki gaishe shi har ƙasa, ki tambayi iyali da gona, kada ki tayar da zancen wake ranar. Daga baya, ku biyu kawai, ki ce kina so ya ƙara miki haske kan inda labarin ya fito, ko a tambayi malamin gona a Magarya. In shi ya gano gaskiyar da kansa, da bakinsa zai gyara a zauren, girmansa bai zube ba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ki ji muryar Yayanki kafin a yi shuka.

Hajiya Fadi