Turbon da Na Gyara da Hannuna

Kilomita Biyar, Bangui
6 ga Mayu, 2023

Zuwa ga matata Suwaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Yaya Bilkisu da surutunta, yaya zaman Garuwa-Bulai? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da kewarku. Maƙwabciyarmu Tasalla tana aiko min da gozo, tuwon rogon nan, kullum, amma miyarta ba ta kama ƙafar taki ba, kada dai ki bari ta ji.

Ki shirya dariya. Tsohuwar Fijo 505 ɗin nan da kike cewa in ba masu gwangwan, na tashe ta. Samari sun fito da wani sabon abu a hanyar Mbaiki: ranar Lahadi da hantsi sai a jera mota biyu, a ja layi, a sake su mita ɗari huɗu a miƙe. Ran ashirin da ɗaya ga wata na tsofaffin motoci ne. Hudaifa, ɗan Alhaji Illiyasu mai kantin sari, yana da irin tawa sak. A teburin mai shayi, gaban kowa, ya ce hannun Mahmudu ya tsufa, yanzu gyara sai garejin kwamfuta na unguwar Miskin. Kin san tun da aka buɗe garejin nan motoci suka fara ja baya daga wajena. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, ba gida, ba fili, sunan nan kaɗai na tara. Na ajiye kofi na ce mu haɗu a hanyar Mbaiki.

Kowa cewa yake in sayo sabon turbo babba. Na ƙi. Wanda aka haifi motar da shi zan gyara. Turbo, in kin manta, shi ne ƙarfen nan mai kama da dodon koɗi da kika taɓa kora min daga tsakar gida. Fanka biyu ce a kan sanda ɗaya, hayaƙi yana juya ɗaya, ɗayar tana ɗura wa inji iska. Kafin in kwance noti sai da na yi ɗigo uku a jere da tsinken ƙarfe, ɗaya a noti, ɗaya a fanka, ɗaya a sanda, yadda marigayi maigidana ya koya min, don komai ya koma inda aka auna shi tun farko. Abu ne mai juyawa sau dubbai kafin ki ƙifta ido, in ya karkace ko da nauyin ƙwayar shinkafa sai ya tarwatse. Kwana huɗu na jiƙa shi a gazuwal, wato man dizal, na goge gawayin da ya daskare, na canza zobban tagulla da zoben da ke tare baƙin mai, na ɗan matse ƙofar da ke sakin hayaƙi. Da na ɗaura na cika shi da mai kafin in tayar. Suwaiba, da ya fara fito sai da na ji ƙwalla.

Gwiwata ba za ta iya kuloci da sauri ba, don haka ƙaninki Haris ne zai ja. Wa zan ba in ba shi ba? Ni na ɗora shi a sitiyari, ni na koya masa riƙon sifana. Jiya mun gwada ta, ta ja shi har hularsa ta faɗi, mutanen Hudaifa na gefen hanya sun daina dariya. Ya ce zai tafi da ita unguwarsu Kokoro kwana biyu kafin ranar, ya saba da ita, na ce ya je.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce ta sa mu a addu'a.

Mijinki mai kewarki,
Mahmudu

Kilomita Biyar
24 ga Mayu

Suwaiba,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, jikin Inna kuma da dama. Ki fara da godiya ga Allah: Haris lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane bai yi ba. Na ce in riga masu kai labari.

An yi tseren, kuma na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Tun da aka saki motocin na ji muryar tawa ba daidai ba. Ta Hudaifa ta wuce kamar an harba ta. Tawa ba ta kai rabin hanya ba sai wata ƙara, sai farin hayaƙi ya turnuƙe titi. Zoben mai ya fashe, inji ya koma shan baƙin mansa. In haka ta faru, ko kin zare makulli ba ya mutuwa, ƙara gudu yake yi. Haris ya taka burki ya yi tsalle ya fita. Ni kuma da wannan gwiwar na ruga, na buɗe gaban motar, na tuɓe rigata na cusa a bakin iska. Kafin ya shaƙe ya mutu, aikin gama ya gama, injin ya ci kansa.

Haka na tsaya a titi daga ni sai singileti, fuska baƙi ƙirin, yara suna ɗauka a waya. Wani ɗan Miskin ya ɗaga murya da yaren Sango ya yi min singila, wai na gode da na kashe musu sauro. Har waɗanda na gyara wa motoci kyauta sun yi dariya.

Litinin mutum uku suka zo suka janye motocinsu daga gareji. Ɗaya ko kallona bai yi ba. Abin da ya fi cin raina, na fara zargin hannuna. Ina ta tambayar kaina ko na juya zoben ne, ko idona ne ya fara gazawa, ko gaskiyar Hudaifa ce. Na kasa sake buɗe motar, na rufe ta da tamfol.

Haris kam ya kyauta. Kullum yana zuwa, mu ci abinci kwano ɗaya, yana ba ni baki yana cewa ƙaddara ce. Har na ba shi haƙuri, don na kusa kashe wa Inna ɗa. Ki taya ni gode masa in kun yi waya.

Ki sumbaci Bilkisu. Kada ki bari ta ga hoton nan.

Naki,
Mahmudu

Kilomita Biyar
3 ga Yuni

Zuwa ga Suwaiba,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya mai jiki? Ina roƙon ki karanta wannan ke kaɗai, a zaune.

Shekaranjiya Muhammad Awwal ya zo gareji. Kin san shi, wanda muka yi koyon aiki tare a wajen maigida ɗaya, yanzu shi ne babba a garejin Miskin. Ya daɗe yana kame-kame, sannan ya tambaye ni dalilin da zai sa in sayar da aikina a ɓoye in kuma bari a yi min dariya. Ban gane ba. Ya ce ranar Asabar, jajibirin tsere, an kawo masa turbo ya ɗaura wa motar Hudaifa, aka ce ni na sayar. Da ya leƙa bakinsa ya ga ɗigo uku a jere, ya san hannun gidanmu ne.

Yana tsaye na yaye tamfol, na kwance na jikin motata. Daga waje kamarsu ɗaya, har an shafa masa baƙin mai don ya yi kama da tsoho. A ciki kuwa ba ɗigo ko ɗaya. Jabu ne, irin wanda ake zubawa a ƙasa a kasuwa, kuma a bushe aka ɗaura shi, ko cokalin mai ba a zuba masa ba. Kwana goma ina zagin hannuna, ashe motar da ta ci tsere da aikina ta ci.

Ban aika a kira Haris ba, ni na hau babur na je Kokoro. Na ajiye fasasshiyar fankar jabun turbon a gabansa. Bai musa ba. Ya ce tun ranar gwaji Hudaifa ya tsorata, ya yi masa alkawarin in ya kawo turbon, Alhaji zai ba shi babbar motar da ke zuwa Duwala. Ya ce shekara uku yana zaman banza. Shi da kansa ya kwance ya musanya, da sifanar da na ba shi. Wai ya ɗauka motar za ta sha kaye ne kawai, bai san za ta fashe ba. Har ya ƙara da cewa ai ni gwani ne, zan iya gyara wani, shi kuwa ba shi da wata dama.

Suwaiba, da baƙo ne da ban ji komai ba. Wannan yaron a ɗakinmu ya kwana shekarar tashin hankali, lokacin da ba mai iya fita daga unguwar nan. Da ya ce min yana son aikin, wallahi da ni zan kwance in kai wa Hudaifa da hannuna, in ce na fasa. Amma ya zauna a tabarmata kwana goma yana cin gozona, yana kallona ina ba shi haƙuri. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Muhammad Awwal ya ce a shirye yake ya faɗi abin da ya gani, ko da zai rasa aikinsa. Dattawan masu gareji za su zauna ranar Juma'a ta sama bayan an sauko, kuma sun ce in zo in yi bayani, don ana maganar kada a ƙara ba ni motar haya mai ɗaukar mutane. Magana ɗaya zan yi sunana ya dawo. Na ga bai dace in yi ba ki sani ba.

Allah ya ba Inna lafiya.

Mahmudu

Kilomita Biyar
19 ga Yuni

Suwaiba,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Na ji jikin Inna ya ƙara tsanani, Allah ya sa kaffara ne.

Takardarki ta iso ranar Laraba, na karanta ta sau huɗu. Kin ce in rufa wa Haris asiri, don in Inna ta ji an kira ɗanta ɓarawo a bainar jama'a, ba za ta tashi ba. Wannan na fahimta, uwa ce a gare ni ni ma. Amma a ƙasan takardar kin ce ya kira ki kafin tseren, ya ce zai ari wani ƙarfe a motata don ya samu aiki, kika ce ya ɗauka, Mahmudu ba ya riƙo, kuma ba sai ya gaya min ba kada in ɗaga hankali.

Na yarda ba ki san abin da ƙarfen yake ba, ko da yake shafi guda na cika ina ba ki labarinsa. Amma da na rubuto miki cewa ina zargin idona da hannuna, kin riga kin sani. Kika aiko da saƙo cewa in yi haƙuri, kowa da ranarsa. Shekara goma sha tara muna tare, ban taɓa zaton za ki ji ina kuka da kaina ki yi shiru ba.

An yi zaman ranar Juma'a. Mutum ya fi talatin, har da Hudaifa da Alhaji. Fankar tana aljihuna, Muhammad Awwal yana gefena yana jiran in kira shi. Da aka ce in yi magana, na tuna Inna a kwance, na miƙe na ce kuskurena ne, na ɗaura zobe ba daidai ba, ido ya fara tsufa. Muhammad Awwal ya kalle ni, ya ɗauki takalmansa ya fita. Dattawa suka yanke cewa in tsaya a kan faci da canjin mai, in bar aikin inji.

Kin san wanda ya fara miƙewa ya roƙa min sassauci? Haris. Ya ce kowa yana kuskure, a duba shekaruna, shi ya yafe min duk da na kusa halaka shi. Mutane suka yi ta sa masa albarka, Alhaji ya dafa kafaɗarsa. Na zauna ina kallon ƙasa, hannuna a aljihu, har fankar ta yanke ni ban ji ba.

Na yi abin da kika roƙa. Ba zan tayar da maganar ba, ko yanzu ko bayan ran Inna. Gidanki yana nan, in Allah ya ba ta lafiya ki dawo, ba abin da zai ragu na ci da sha. Amma kada ki ce in sake zama kwano ɗaya da shi, kuma ki ba ni lokaci kafin ki tambaye ni ko na huce, don ba na son in yi miki ƙarya.

Jibi Haris zai ɗauki motarsa ta farko zuwa Duwala, zai biyo ta wajenku. Ki gaya wa Inna ɗanta ya samu aiki. In ta tambaya ko Mahmudu ya yi murna, ke za ki amsa mata. Ni na riga na yi tawa ƙaryar a gaban mutum talatin.

Ki gaida Bilkisu. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Mahmudu