Notin da Ka Ɗaure da Ƙarfi

Lahsan ɗana,

Zauna ka karanta har ƙarshe, kada ka ninke ta idan ka iso wurin da ya shafe ka. Ina gaishe ka da matarka Rkiya. Yaya tarin kakarka?

Ni da ƙanwarka mun iso garin Tantan lafiya, na fara aiki a kamfanin kifin gwangwani. Gishiri ya tsattsage mini hannu, amma na kowa haka yake. A motar mahaifinku muke kwana, gadonta da murhunta sun ishe mu.

Ka ce mini ka gyara boris ɗin tayar gaba. Bayan mun wuce garin Gulmim tayar ta fara gurnani, sitiyari na rawa. Ƙanwarka Mbarka ta taɓa tayar ta ce, "Umma, wannan ai sai a dafa shayi a kai." Ta ɗaga motar, ta kwance tayar. Ashe ka ɗaure notin iya ƙarfinka har giris ya ƙone, ƙarfen da ke riƙe tayar ya soma cinyewa. Mahaifinku yakan ɗaure, sannan ya ɗan sassauta. Mbarka da kuka hana shiga gareji ta gani daga bakin ƙofa, kai da ke ciki ba ka gani ba.

Wani direba ya tsaya yana dariya, wai "Ina mazan gidan?" Mbarka ta ce, "Baba, miƙo sifana, sun gama nasu aikin." Shi ya kawo mana sabon boris, ita ta saka.

Da tayar ta fita a gangaren da ke kan hanyar nan, da ta'aziyya kake karɓa. Allah ya shirye ka. Ka aiko da akwatin kayan aikin mahaifinku, na Mbarka ne. Daga yau babu motar da za ta bar gidanmu sai ta girgiza tayar da hannunta.

Mahaifiyarka,
Zahra